Amsar Baba kan hayar rumfa da kujeru ga ƙaramar hukuma

Ga muryar da Baba ya turo cikin zaurenmu na masu hayar kayan taro jiya bayan isha'i. Na rubuta ta yadda ya faɗa, saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya kasuwa, ya iyali. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, maganar ce ba ta gajartuwa.

Na saurari abin da ƙanenmu ya turo da rana. Ya ce ya kai takardar farashi sakatariya kan taron rabon taki, yana fitowa ya bi ta filin firamare ya tarar har an kafa rumfuna. Shi ne yake tambaya, akwai amfanin mutum ya ci gaba da wahalar da kansa kuwa, ko dai aikin ƙaramar hukuma na 'yan gida ne kawai. Na kuma ga amsa biyu da aka ba shi. Wani ya ce ya nemi kansila ya yi masa alkawarin kashi goma, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce mu riƙa karɓa-karɓa a tsakaninmu, yau kai ka saka farashinka mu kuma mu ara maka takardun kamfanoninmu da farashi mai tsada, gobe kuma ni. To zan taɓa duka, amma bari in fara da kai, ƙanena.

Ni a ganina ba ranar zaɓen wanda za a ba aiki ake zaluntarmu ba. Tun kafin ranar an gama. Gaggawa ce ƙofar da ake shigo da komai. Ka duba mana, wane taro ne ƙaramar hukuma take yi wanda ba a san da shi ba tun farkon shekara? Sallah ƙarama da babba an san lokacinsu. Ranar yara 27 ga Mayu ce, ba ta taɓa matsawa ba. 12 ga Yuni tana nan, 1 ga Oktoba tana nan. Musabaƙar Alƙur'ani duk shekara ake yi, rabon taki kafin damina ne, ƙaddamar da rigakafi ma ana sanar da shi tun da wuri. Amma sai a yi shiru, sai taro ya rage kwana biyu a ce ai babu lokacin talla, a kira wane kawai ya kawo kaya. Shi kuwa wane tun makon jiya aka raɗa masa, har ya kama akori-kura ya tanadi yara. Kai da ka ji a bakin mai shayi ranar jajibiri, ko kayanka sun fi na kowa kyau ina za ka kai su? Wataƙila ma ka riga ka ba da su gidan biki.

Kuma abin da ya fi ci min rai, wallahi, sau da yawa wanda aka ba aikin ko kujera ɗaya ba shi da ita. Da daddare zai zo shagonmu ya ce Baba a ba ni kanofi goma, kujerun roba ɗari biyar, kushin na manyan baƙi, kafet da lasifika. Mu ba shi a farashin kasuwa, har ya nemi ragi. Yaranmu ne za su kwana suna ɗaura ƙarafa da fitilar waya a baki, su ne za su tsaya bayan taro suna ƙirga kujeru ɗaya bayan ɗaya, a tarar wasu sun karye ƙafa, wasu jama'a sun yi gaba da su. Asarar tamu ce. Shi kuma ya rubuta wa hukuma kuɗin da ya ga dama. Wato kayanmu ne, guminmu ne, amma talakan ƙaramar hukumar ya biya ninki, ba don komai ba sai don wani ya tsaya a tsakiya da takarda.

To doka fa? Ku bari in faɗa muku abin da ke rubuce, don kada a riƙa raina mana hankali. Gwamnatin tarayya tana da dokar ba da kwangila tun 2007, ita ce ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilolin gwamnati. Ita wannan ma'aikatun tarayya ta fi shafa, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2016, mu nan Kano a 2021. A cikin ta tarayyar an ce ƙaramin aiki irin namu ba sai an buga a jarida ba, amma dole a nemi farashi daga aƙalla mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. Kowa farashi ɗaya zai bayar, ba a komawa a ce masa ga abin da wane ya saka, rage naka. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙi shi ake ba. Maganar gaggawa kuwa, dokar ba ta yarda hukuma ta yi sakaci da gangan sannan ta fake da ƙurewar lokaci ba. Gaggawar da ta sani ita ce irin ta ambaliya, gobara, annoba, abin da ba wanda ya hango. Idan iska ta kwashe rufin gidajen mutane aka ce a kawo rumfa yanzu-yanzu, ba wanda zai ce a tsaya neman takarda uku. Amma ranar yara ba ambaliya ba ce.

Yauwa. Sai in dawo kan ɗan uwanmu mai shawarar aron takardu. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kana so kowa ya ɗan samu. Amma ka sani, ainihin abin da ake cutarmu da shi ke nan. Je ka buɗe fayil ɗin kowane taro, za ka ga takardun farashi uku cif, kowacce da kan kamfani da hatimi. Ka duba da kyau sai ka ga rubutun hannu ɗaya ne, wani lokaci har lambar waya ɗaya. Ɗaya tasa, ɗaya ta ƙanen matarsa, ɗaya kuma aro ya yi a wajen ɗaya daga cikinmu a kan kuɗin da bai kai hayar kanofi ɗaya ba. Duk wanda ya ara takardarsa a cikinmu, shi ya rufe wa ɗan uwansa ƙofa da hannunsa. Kuma dokar 2007 ta kira wannan laifi ƙarara, haɗa baki a kan farashi, da yanka aiki gunduwa-gunduwa don kada ya kai adadin da za a yi talla. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyar zuwa goma ba zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara biyar. Tun kafin dokar ma addini ya riga ya yi magana. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don yana son saya ba sai don ya ruɗi wani. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ka saka farashi a kan aikin da ka san ba ka nemansa, don dai na abokinka ya zama kamar mai sauƙi, ni ban ga bambancinsu ba.

Maganar kashi goma kuwa ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya san hukuncin mai bayarwa da mai karɓa. Abin da zan ƙara kawai, kuɗin nan daga jikin aikin yake fita. Shi ya sa za ka ga an kawo janareta ɗaya ba na ko-ta-kwana, ciyaman yana tsakiyar jawabi wuta ta ɗauke, a ce ai masu haya ba su iya aiki ba.

Akwai kuma wata hanyar korar mutum da ba a cika magana a kanta ba, kuma ni a wajena ta fi duka muni, wato jinkirin biya. Mai ƙaramin jari, irin Hajiyar da ke cikin zauren nan da ta fara da kanofi biyu bayan rasuwar maigidanta, ko da an ba ta aikin yau, da me za ta yi? Ita za ta biya mota, ta biya 'yan dako, ta sayi mai, ta ciyar da yara, duk kuɗi hannu. Sannan a ce mata bauca tana ofishin ma'aji, gobe tana wajen odita, jibi ana jiran a turo kuɗin wata. Ku tuna kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A 2024 ɗin hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. To wanda aka riƙe wa kuɗi wata shida a irin wannan yanayi, ribarsa ta narke, har uwar kuɗin an taɓa. Waye zai iya jurewa? Sai wanda ya san yana da wani a ciki da zai ɗauko masa fayil ya ɗora a sama. Ka ga ba a hana Hajiya nema ba, an dai shirya abin yadda ita da kanta za ta ce a kai kasuwa. Dokar tarayya ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri, har akwai ƙarin da ake bin hukuma. Mu ba ƙarin muke so ba, a ba mu haƙƙinmu a kan lokaci.

A da idan ka yi ƙorafi sai a ce maka kuɗin yana asusun haɗaka a hannun jiha, ciyaman ba shi da ta cewa. To ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, kowa ya sani. Amma ni abin da nake hange, duk ranar da kuɗin ya fara sauka kai tsaye, idan ba a gyara yadda ake ba da aiki ba, abin da ake yi mana yanzu zai ƙaru ne. Shi ya sa yanzu ne lokacin magana.

Ga abin da nake so mu nema, kuma a rubuce, da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ɗaya ba. A farkon shekara ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar masu haya, a manna a allon sanarwa, a faɗa a rediyo. A turo ma'aikaci ya zo shago ya ƙirga kaya da idonsa, wanda ba shi da kaya kada ya shiga. Wannan kaɗai ya kori 'yan tsakiya. Sannan a fitar da jerin tarukan shekara. Duk taron da zai zo a sanar aƙalla mako biyu kafin ranar, a rubuta dalla-dalla: kanofi nawa, wane girma, kujera nawa, ta roba ko kushin, janareta mai ƙarfin nawa, man na waye, awa nawa, wa zai biya abin da ya ɓace. Domin in aka ce "kayan taro" kawai, ni in lissafa da mai da mota, wani ya lissafa babu, sai a ce ya fi ni sauƙi, bayan taro kuma ya kawo ƙarin lissafi a biya shi. A buɗe ambulan a gabanmu, a karanta farashin kowa da babbar murya. Wanda ya faɗi a gaban idonsa ba ya tafiya da zargin kowa.

Kuma a raba aikin gida-gida. Rumfa da kujeru daban, sauti daban, wuta daban, ado daban. Wannan ba shi ne yankan da doka ta hana ba, don a sanarwa ɗaya za a fito da su, kowa yana gani, jimillar kuɗin ma a bayyane. Amfaninsa, yaron da lasifika kawai yake da ita ya nemi nasa kai tsaye, ba sai ya zauna ƙarƙashin wani ba. Idan ma karɓa-karɓar ake so, hukuma ce za ta tsara ta a fili, daga cikin rajista, a kan farashin da aka amince da shi aka manna, ba mu mu ƙulla a ɓoye ba.

Na san wani zai ce Baba ai ko mun rubuta ba za a kula mu ba. Mai yiwuwa. Amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa tana da nauyi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta ka ce a nuna maka wa aka ba aikin kuma nawa, kwana bakwai ta ba su su amsa. Idan aka yi biris, ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ga ICPC, ta yaƙi da cin hanci ta tarayya. Ba faɗa za mu je yi ba, kuma ba duk ma'aikaci ne mugu ba. Na san waɗanda abin yana damunsu, takarda daga waje kawai suke jira su samu abin dogaro su ce wa mai gida ranka ya daɗe, an sa mana ido.

Mu ma sai mu gyara namu. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, lambar haraji, shaidar biyan haraji ta shekara uku, asusun banki da sunan kasuwanci ba sunan ɗanka ba, rasit mai lamba. Da yawanmu da waɗannan ake kayar da mu tun a bakin ƙofa, kuma a nan ba mu da bakin magana. Wanda bai da su ya yi magana, akwai yara a cikinmu da suka iya cikewa ta intanet.

Kai kuma ƙanena, kada ka daina kai takarda. Amma daga yau ka riƙa yin kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wannan ta rabon takin ma, in kana da hoton rumfunan da ka gani a fili, ka ajiye shi tare da ranar da ka miƙa takardarka, ka zo mana da su.

Ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a shagona. Sakatare ka zo da littafin ƙungiya. Hajiya, ke da sauran mata ku zo ko ku turo wakili, don maganar biya ku ta fi shafa, ina so ta fito daga bakinku a cikin wasiƙar. Kowa ya taho da lissafin bashin da yake bin hukuma, da ranar da ya yi aikin. Allah ya ba mu halal mai albarka. Sai da safenku, wassalamu alaikum.