Kun Tambaya: Mene Ne Laifin Jari-hujja a Wurin 'Yan Kwaminisanci?

Tambaya: Ina aikin buga bulo a cikin garin Gombe. Wani ƙanena ɗalibi ya ce wai Karl Marx ya ce ana cin guminmu. To ni maigida yana biya na abin da muka yi jinga, bai taɓa riƙe mini sisi ba. Ina cutar take?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Marx, Bajamushen da kwaminisanci ya ginu kan tunaninsa, wanda aka haifa a 1818 ya mutu a Landan a 1883, bai ce maigidanka ɓarawo ne ba. A littafinsa Das Kapital, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1867, ya ɗauka cewa an biya lebura ladansa cif, sannan ya tambaya: to daga ina riba ke fitowa?

Ga misali, mu ƙaddara lissafi. A ce a wuni guda kun buga bulo na naira 100,000. Siminti, yashi, tankar ruwa, dizal da abin da injin ya ci na jikinsa sun tashi 70,000. Waɗannan, a ganin Marx, ba su haifi komai ba, kuɗinsu ne kawai ya koma cikin bulon. Sauran 30,000 aikin hannunku ne ya samar da ita. Idan ladanku gaba ɗaya 12,000 ne, kuma awa goma kuka yi, to a awa huɗu na farko kun riga kun fanshi ladanku. Awa shida da suka rage, wato 18,000, ita ce rarar da ke shiga aljihun mai jari. Shi ya sa, in ji shi, ake ta ja-in-ja kan tsawon wuni da saurin aiki: duk awar da aka ƙara, rarar ce ke kumbura. Kuma ko maigida mutumin kirki ne, gasa da gidan bulon da ke kusa za ta matsa masa ya rage lada ko ya ƙara yashi a kwaɓi.

Amma maigida ma yana da ta cewa. Shi ya zuba jari, shi ke neman masu saye, kuma idan ruwan sama ya narkar da ɗanyen bulo cikin dare, asararsa ce, kai ka riga ka karɓi naka. Tun daga shekarun 1870 yawancin masana tattalin arziki suka bar ra'ayin cewa aiki kaɗai ke ba kaya daraja, domin bulon da babu mai buƙata, ko gumin wa ya sha, ba zai yi kuɗi ba. A ganinmu lissafin Marx bai isa ya bayyana farashi ba, amma ya gano inda gizo ke saƙa: wanda ba shi da inji ko fili ba ya iya jira, kuma wanda ba ya iya jira shi ke karɓar duk farashin da aka yanka masa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Bauchi. Ana cewa kwaminisanci 'yanta ɗan Adam ya zo yi, amma ƙasashen da suka bi shi an san su da danniya. Yaya haka?

Amsa: Malama, kin taɓo zuciyar maganar. Marx ya ce leburan zamani ba bawa ba ne, babu mai sayar da shi, amma tunda ba shi da gona ko kayan aiki, zaɓinsa bai wuce wa zai yi wa ƙodago ba. A rubuce-rubucensa na 1844 ya ƙara da cewa irin wannan aiki yana raba mutum da abin da ya ƙera, da basirarsa, har da 'yan'uwansa, ya wayi gari ba ya jin shi mutum ne sai bayan an tashi. Don haka ya ɗauki rage awannin aiki a matsayin sharaɗin farko na 'yanci. Maganinsa shi ne masana'antu, ma'adinai da manyan filaye su zama na jama'a, rabuwar mutane zuwa ajin masu jari da na 'yan ƙodago ta ɓace, daga bisani ita kanta hukuma ta rasa aikin danniya. Rigarki da tukunyarki ba sa cikin abin da ake nufi.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne hanyar. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, jam'iyya ɗaya ta riƙe mulki da sunan ma'aikata, a 1921 ma aka hana ɓangarori a cikin jam'iyyar kanta. Gwamnati ta zama ita ce mai masana'anta, mai jarida, mai kotu, mai ƙungiyar ƙodago. Wanda ya saɓa mata ba aiki kaɗai zai rasa ba. Rosa Luxemburg, wadda ita ma 'yar aƙidar ce, ta yi gargaɗi tun 1918 cewa 'yanci na gaskiya shi ne na mai ra'ayi daban.

Sai matsalar lissafi. Idan ofis a Masko ne ke yanka farashi da yawan abin da za a ƙera, babu mai sanar da shi inda aka yi ƙaranci, kuma jami'in da ke tsoron faɗin gaskiya alkaluman ƙarya zai aika. Da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet da aka kafa bayan juyin na Rasha, ya tilasta haɗe gonaki daga 1929, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukiren da Kazakistan. A Sin, tsarin shugabanta Mao na 1958 zuwa 1962 ya jawo yunwa mafi muni. Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta yaƙi jahilci ta gina masana'antu cikin sauri, amma wannan ba ya wanke waɗancan rayuka. Ta ruguje a 1991, Sin kuwa ta fara buɗe ƙofa ga kasuwa tun 1978.

Tambaya: Shin su Malam Aminu Kano 'yan kwaminisanci ne? Kuma Musulmi zai iya bin wannan aƙida?

Amsa: Sanarwar Sawaba ta NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu, a 1950 ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da hukumar En'e, kuma wannan harshe ya yi kama da na Marx. Amma Malam Aminu, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, da abokin tafiyarsa Malam Sa'adu Zungur ɗan Bauchi, malaman addini ne da ke kafa hujja da Alƙur'ani kan zalunci, kuma ta hanyar ƙuri'a jam'iyyar ta nemi mulki.

Falsafar Marx ta ginu ne a kan cewa babu komai bayan abin da ke cikin duniyar zahiri, kuma gwamnatocin da suka bi ta sun rufe masallatai da coci-coci. Albaniya ma ta haramta addini a 1967. Wannan tushe ba ya haɗuwa da imani. Musulunci ya yarda da mallaka, ciniki da gado, ya wajabta zakka, ya haramta cin kuɗin ruwa, ya kuma yi umarni a biya ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe. Karanta nazarin Marx kan lada da awannin aiki don fahimtar kasuwa abu ne daban da karɓar aƙidarsa. Hukuncin shari'a a kan wani takamaiman lamari kuwa, a kai shi gaban malaman fiƙihu.