Na ɓoye wa maiɗakina rasuwar ƙaninta har muka sauko daga Ɗa'ifa

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu mazauna Jidda ne, amma asalinmu Mai Wurno a Sudan. A hutun Ƙaramar Sallah na kwashi iyali muka hau dutsen Shafa a Ɗa'ifa shan iska. Ina cikin gasa nama, yara suna korar birai daga kwandon abinci, sai aka kira ni daga gida aka ce ƙanin maiɗakina ya nutse a kogin Nilu, har an yi jana'izarsa. Ban faɗa mata ba sai da muka isa gida bayan isha'i. Yanzu ta daina yi mini magana, tana cewa na bar ta tana dariya da ɗaukar hoto alhali mahaifiyarta tana kuka. Shin na yi laifi? Kuma za mu yi masa sallar ga'ib?
Wani mai karatu daga Jidda

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Ɗan'uwa, jinkirta labarin mutuwa saboda wata maslaha ba zunubi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito, kuma wannan lafazin Muslim ne, cewa ɗan sahabi Abu Ɗalha ya rasu uban ba ya gida, sai matar Abu Ɗalha, Ummu Sulaim, ta hana kowa ya sanar da shi, ta ba shi abinci, ta yi masa kwalliya, sannan ta tambaye shi ko wanda aka ba wa aro yana da ikon hana mai shi idan ya nema, kafin ta sanar da shi rasuwar ɗan. Annabi (SAW) bai zarge ta ba, addu'ar albarka ya yi musu. Kai ma kana da uzuri, domin duk wanda ya san hanyar Hada, mai saukowa daga Ɗa'ifa, da kwanoninta ya san ba wurin da za a sauko da mota cike da yara da mace mai kururuwa ba ne, ga shi kuma an riga an binne mamacin.

Sai dai masu kawo wannan ƙissa sukan tsallake wani wuri. A ruwayar Muslim, Abu Ɗalha ya yi fushi da ya ji, fushin ne ma ya kai shi wurin Annabi. Saboda haka ɓacin ran maiɗakinka ba rashin tawakkali ba ne, kuma kada ka ja mata wannan hadisi don ka rufe mata baki. A ganina, ba shirunka ne ya fi yi mata ciwo ba, ci gaba da walimar ne. Da ka ce a nannaɗe tabarma tun lokacin da wayar ta shigo, ka sauko da su, ka faɗa mata da bakinka a ƙofar gida, da hotunan da take kallo yanzu da takaici ba su samu ba. Ka ba ta haƙuri a kan wannan ba tare da kare kanka ba.

Game da sallar ga'ib, wato yi wa mamaci sallar jana'iza daga nesa, asalinta sallar da Annabi ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, da kabbara huɗu a ranar da ya rasu. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta ta, shi ya sa ake ganinta a Masallacin Harami, amma Malikiyya, mazhabar da iyayenmu suka taso a kai, suna ganin ta keɓanta da Annabi. Tunda an sallace shi a Mai Wurno, farillar ta sauka, addu'a da sadaka sun wadatar.

Zaman makoki ga 'yar'uwa kwana 3 ne, takabar wata 4 da kwana 10 ta matar mamaci ce kaɗai, kamar yadda ya zo a Baƙara, aya ta 234. Ka kira surukarka da kanka ka yi mata ta'aziyya, ka miƙa wa ɗiyarta wayar, sannan ka aika da abin da ya sawwaƙa, musamman idan marigayin ya bar mata da yara.