Wace bishiya ce za ta iya da iskar farkon damina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara da hadarin farko ya taso, iska ta karya bishiyar turaren da ke bayan ɗakinmu, ta faɗo kan kwanon kicin. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Yanzu rana ta hana yara sakat a tsakar gida. Me zan dasa mai inuwa wanda iska ba za ta kayar ba?
Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Turare ba ta cikin gida ba ce, tana zuƙewa sama da sauri, rassanta kuma saurin tsagewa gare su. Zogale ma haka, a riƙa datse shi don miya kawai.

Da ni ne, tsamiya zan sa. Reshenta lanƙwasawa yake yi ya dawo, ƙananan ganyenta kuma iska ratsawa take yi ta wuce. Akwai wata a ƙofar gidanmu tun zamanin kakana, na sha ganin hadari ya kwashe rufin maƙwabta, ita ko ɗan ganye kaɗai take zubarwa. Aibinta ɗaya, sai an yi haƙuri da ita shekaru kafin ta ba da inuwa.

Idan kina sauri, ga darbejiya. Amma fa yawancin darbejiyar da nake gani a kwance bayan hadari, tun ranar dashe aka cuce ta. Saiwar ta daɗe cikin leda ta nannaɗe kamar gammo, aka binne ta a haka. Ki sayi ƙaramin dashe, wanda bai wuce gwiwa ba, a yage ledar a duba saiwar. A dasa a watan Yuli da ƙasa ta sha ruwa, aƙalla mita 5 daga katanga da ramin masai. Da rani a ba ta ruwa sosai sau 2 a mako, domin yayyafin kullum a sama yake tsayar da saiwa.

Duk watan Afrilu a rage mata rassan da suka cunkushe, musamman wanda ya leƙa kan kwano. Kada ki yarda mai sara ya guntule mata kai gaba ɗaya, tohon da zai biyo baya ba shi da ƙwari.

Cediya da durumi kuwa a bar su a dandali, saiwarsu tana tsaga gini.