Hukuncin Yin Digiri a Fannin Tsara Kiɗa: Amsa Ga Wani Matashi Daga Tudun Wada

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne ɗan shekara 19 daga Tudun Wadar Zariya. Tun ina ƙarami nake rera waƙe a Islamiyya, duk walimar sauka ni ake miƙa wa lasifika. Bana na rubuta JAMB, na cike kwas ɗin kiɗa a wata jami'a ta Kudu, ɓangaren tsarawa, ba rawa ko hawa dandamali ba. Niyyata in koyi abin a ilmance, in dawo in riƙa tsara waƙoƙin faɗakarwa da na yara. Na duba tsarin karatun, na ga dole kowane ɗalibi ya koyi piyano, ya kuma zaɓi wani abin kiɗa guda da za a riƙa jarraba shi a kai har ya gama, amma ni in na fito da kwamfuta kawai zan yi aiki. Kuma na ji an ce Ibnu Hazm ya ce babu hadisi ingantacce da ya hana kiɗa. Mahaifina bai sani ba tukuna, yana zaton kwas ɗin lauya na cike. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka ɗaure kaya ba. Da yawa sai sun kai aji uku, an kashe kuɗi an ci wahala, sannan suke tuna akwai malamai a gari.

Amsarka tana cikin tambayarka, a wata jimla da ka bi ta kanta da sauri kamar mai tsallake kwata: "dole kowane ɗalibi ya koyi piyano, ya zaɓi wani abin kiɗa". Nan hukuncin yake. Da karatun nan iyakarsa sanin hawa da saukar sauti ne, da ma'aunin kari, da yadda ake rubuta murya a takarda, da tarihin makaɗan duniya, da ban hana ka ba, domin sanin abu daban, aikata shi daban. Rera waƙa mai tsabtar ma'ana da murya zalla halal ce, kada ka ji ɗar a kan abin da kake yi a Islamiyya. Mandiri a biki da ranar Idi ma an yi rangwame a kansa. Amma digirin da ka siffanta shekara huɗu ne na zama gaban piyano, da bita, da jarrabawa a kan kiɗa da hannunka, sannan aikin kammalawarka ya zama kiɗan da ka tsara wasu su kaɗa. Ba za ka iya cire wannan ka bar sauran ba, shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Don haka abin da nake ba ka fatawa da shi: shiga wannan karatu a wannan tsari bai halatta ba, bisa abin da mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suka tafi a kai game da kayan kiɗa na tsirkiya da na busa. Ayar Suratu Luƙman da ta zargi masu sayen zancen wasa da tafsirin Ibnu Mas'ud a kanta ka san su, haka abin da Risala ta faɗa, tunda ɗan Islamiyya ne kai.

Bari in tsaya a kan Ibnu Hazm, don na lura shi ne sandar da samarinmu suke dogarawa yanzu, alhali mafi yawansu ba su taɓa buɗe littafinsa Muhalla ba, a Facebook suka tsince shi.

Ibnu Hazm babban malami ne, mutumin Andalus, ya rasu shekara ta 456 bayan Hijira, ba wanda yake wasa da iliminsa. Abin da ya faɗa shi ne hadisin da ke cikin Bukhari a Kitabul Ashriba, wanda Annabi (SAW) ya ba da labarin za a samu wasu daga al'ummarsa suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, wai isnadinsa, wato jerin masu ruwayarsa, yankakke ne. Dalilinsa? Bukhari bai ce "Hisham ɗan Ammar ya ba mu labari" ba, cewa ya yi "Hisham ɗan Ammar ya ce". To, ɗana, Hisham ɗin nan malamin Bukhari ne. Ya zauna gabansa, ya ji daga bakinsa, ya kuma ruwaito daga gare shi kai tsaye a wani wuri cikin Sahihin. In ɗalibin da kowa ya shaida ba ya rufa-rufa a ruwaya ya ce "malamina ya ce", wa zai ce bai ji ba? Ko mun sallama wannan, ai hadisin bai tsaya ga Bukhari kaɗai ba: Ibnu Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi sun kawo shi da isnadi a sadare har zuwa Hisham. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, ya faɗa ƙarara cewa ba a waiwayar maganar Ibnu Hazm a nan, Ibnu Hajar kuma ya bi hanyoyin hadisin ɗaya bayan ɗaya ya jera su. An kuma yi suka da cewa mai ruwaya ya yi kokwanto, Abu Amir ne ko Abu Malik. Duka biyun Sahabbai ne, ko wanne ne a cikinsu magana ta zauna.

Sai wata dabara da na fi jin ta a bakin 'yan boko: wai hadisin haɗuwar abubuwan huɗu ya zarga, ba kiɗa shi kaɗai ba. In haka ne, ashe zina ma ba ta haramta sai an haɗa ta da giya da alharini? Ba mai hankalin da zai faɗi haka. Kuma kalmar "suna halattawa" ba a amfani da ita sai ga abin da dama haram ne.

Hadisin 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi shi ma ana jawo shi. Duba shi da kyau. Sayyidina Abubakar ya shigo ya yi faɗa, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su, ya kuma faɗi dalili: ranar Idi ce. Rangwame ne na rana, ga yara, da mandiri. Ina alaƙar wannan da zangon karatu takwas? Masu jingina da Imamul Gazali kuma su koma littafinsa Ihya su karanta babin har ƙarshe. Ya sauƙaƙa a kan sauraron waƙa, amma kayan tsirkiya da wasu kayan busa ya fitar da su daga halaccin.

Ban ɓoye maka ba, saɓanin yana nan. Shaihu Ƙardawi ya halatta da sharuɗɗa, kuma a mazhabarmu Muhtasar na Shaihu Halilu ya kawo maganar Ibnu Kinana, almajirin Imamu Malik, ta halaccin ƙaho da 'yar sarewa a walimar aure. Shi ya sa ba na kafirta kowa a kan wannan, ba na kuma hana a bi shi salla, kuma ina jan kunnen ɗalibaina da ke saurin jifan mutane da fasiƙanci. Amma ko waɗanda suka sauƙaƙa, sharaɗi suka sa: kada ya cinye lokaci, kada ya haɗu da alfasha ko cakuɗa. Kai kuwa sana'ar rayuwa kake shirin ginawa a kai, abincin 'ya'yanka.

Batun kwamfuta kuma, bari in ba ka labari. Akwai wani yaro da ya taɓa zuwar mini da irin wannan hujja, har da kwamfutarsa ta cinya a jaka. Ya buɗe ta a zaure, ya ce, "Malam ka gani, ba ganga ba molo, madannai ne kawai." Ya danna, sai ga kalangu tangaram, ga piyano na bi ta ƙarƙashi. Kafin mu ankara, wani jikana ɗan shekara uku da ke wasa da murfin kwano a bakin ƙofa ya miƙe ya kama taka rawa. Na ce da mai kwamfutar, ga mufti nan ya ba ka amsa. Abin da kunne ya ji, zuciya ta motsa da shi, shi ake yi wa hukunci, ba itace da fatar da suka fitar da shi ba. Yaron nan mai kwamfuta da yabo ya fara. Da kakar zaɓe ta zo, 'yan siyasa suka yi masa layi a sutudiyo, kuɗin haya kuma ba ya jiran niyya. Ba na faɗa don in tozarta shi, har gobe yana gaishe ni, ina yi masa addu'a.

Akwai kuma abin da ban ga ka ambata ba. Darasin haɗa muryoyi huɗu da ake koyarwa a irin waɗannan sassa, tun daga na jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1961, tushensa kiɗan Turai ne, kuma babban ɓangare na wannan gado waƙoƙin coci ne. Ga maƙwabtanmu Kirista ibadarsu ce, ba abin mamaki ba. Kai fa, in aka sa ka cikin ƙungiyar mawaƙa maza da mata, aka miƙo maka baitin da ya ci karo da tauhidi, aka ce maki ne, yaya za ka yi?

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ko da yake ba shi ka tambaya ba. Mahaifinka yana can yana faɗa wa abokansa a majalisa ɗansa zai zama lauya, kai kuwa ka san ba haka ba ne. Wannan babu saɓanin Ibnu Hazm a cikinsa. Ko likitanci ka cike a ɓoye ka bar shi a kan wani zato, ka yi laifi, balle abin da kai kanka ka san zai ƙi, shi ya sa ka ɓoye. Kada ka bari ya ji a bakin wani, ko ya gani a takardar shiga jami'a. Ka same shi cikin makon nan, bayan ya ci abincin dare hankalinsa a kwance, ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka. In kana jin nauyi, ka fara da mahaifiyarka ko wani baffanka da yake jin maganarsa.

Baiwar da Allah ya ba ka kuma ban ce ka binne ta ba. Garin Aliyu Namangi kake, makahon da ya yi Imfiraji ba da ganga ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. JAMB tana ba da damar canza kwas da makaranta, ka hanzarta kafin a rufe. Ga jami'ar nan a Samaru kusa da kai, akwai sashen harsunan Afirka inda ake nazarin waƙar Hausa, akwai na Larabci, akwai na aikin jarida in harkar sauti da rediyo ce ke jan ka. Ka nemi malamin Aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, ka zauna gabansa ka san karuruwan Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab, ka gyara tajwidinka, za ka ga yawancin abin da kake nema na kari da numfashi yana nan. Makarantun Islamiyyarmu suna fama da ƙarancin waƙoƙin yara masu ma'ana, tsofaffin ake ta maimaitawa.

In mahaifinka ya hau fushi, ka zo ka same ni bayan La'asar ranar da ba karatu, mu je wurinsa tare.

Wallahu a'alam.