Tun da ya faɗi a mashin ya daina walwala, motsa jiki zai taimaka?

Tambaya: Salam likita. Ƙanina ne ya faɗi a mashin wajen Kwangila a Zariya wata bakwai kenan, kansa ya bugu sai da ya kwana biyu bai san inda yake ba. An sallame shi amma ya koma wani iri, kullum yana ɗaki, abinci sai an matsa masa, ko majalisarsu ya daina leƙawa. Wani ya ce mu riƙa sa shi gudu da asuba, dan Allah hakan zai yi? Daga yayarsa a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, kuma ba baƙon abu ba ne bayan buguwar kai, kusan rabin waɗanda raunin ya kai su ga kwanciya asibiti suna fama da shi a shekarar farko. Sau da yawa gaban ƙwaƙwalwa ne ke taɓuwa, wajen da ke zaburar da mutum ya tashi ya yi abu, shi ya sa nake roƙon iyalai a daina ce wa irinsu ragwaye, wallahi ba da gangan suke yi ba.

Motsa jiki yana taimakawa, musamman irin wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya ɗan hau. Jini na ƙara zuwa ƙwaƙwalwa, barci na gyaruwa, jiki kuma na fitar da sinadaran da ke sanyaya rai. Amma gudu tashi ɗaya kam a'a. Tafiya zai fara, minti 10 bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, ba cikin ranar nan ta Zariya mai ƙona ƙeya ba, duk sati a ƙara kamar minti biyar har a kai minti 30 kwana biyar a sati, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Gwajin mai sauƙi ne, in yana iya hira da ke amma ba zai iya rera waƙa ba to saurin ya yi daidai.

Kuma kar a ce masa "tashi ka je ka motsa jiki", ba zai je ba. Wani ya ɗauki takalminsa ya ajiye masa a bakin ƙofa ya ce rako ni sayen ƙosai, gobe a ɗan ƙara nisa. Rakiyar nan rabin maganin ce.

In ciwon kai ya ƙaru, ko jiri, ko amai, ko gani biyu-biyu, a tsaya a huta, in bai lafa ba sai asibiti. Ƙwallo da keke a kan titi a bar su tukuna saboda kar kan ya sake buguwa, in kuma ya taɓa jijjiga irin ta farfaɗiya bayan hatsarin to kar ya fara komai sai likitansa ya amince.

Ki kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya ga likitan ƙwaƙwalwa da 'yan fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, don wata bakwai ba wasa ba ne, mai yiwuwa sai an haɗa da magani, kuma maganin kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa sosai. In kuwa kin taɓa jin ya ce gara ma ya mutu ya huta, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.