Wai Rapper's Delight ta taɓa zama lamba ɗaya a Amurka?

Malam tambayarka biyu ce, ko waƙar Sugarhill Gang ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka na mujallar Billboard, da kuma ko ku ma za ku iya ɗora baitinku a kan tsohon kiɗan wani kamar yadda suka yi.

Ta farko dai a'a. Waƙar ta fito 1979, a Hot 100, wato jadawalin Billboard na manyan waƙoƙi ɗari, lamba 36 ta tsaya, amma kar ka raina wannan 36 ɗin, ita ce waƙar rap ta farko da ta shiga cikin arba'in na sama, lokacin gidajen rediyo ma kallon shirme suke wa rap. A Ingila ta kai lamba 3, a Kanada kuwa ta ɗaya, ina ga nan mutane ke rikicewa, kowace ƙasa da jadawalinta kuma Hot 100 abin da aka saya aka saurara a cikin Amurka kawai yake ƙirgawa. Rap bai ga lamba ɗaya sosai a can ba sai 1990 da Ice Ice Baby.

Ta biyun ce ma ta fi damuna wallahi. Kiɗan Rapper's Delight na waƙar Good Times ne ta ƙungiyar Chic, aka ɗauka ba izini, Nile Rodgers da Bernard Edwards na Chic, waɗanda suka rubuta Good Times, suka ce sai kotu, dole aka sa sunansu cikin marubuta ana raba kuɗi da su. Masu cewa in daƙiƙa kaɗan ka yanka ba komai, ba gaskiya ba ne. Kafin ku saka waƙarku a manhajar sauraron waƙoƙi ta Audiomack ku nemi lauyan da ya san haƙƙin mallaka ya duba muku, a samu izini a rubuce.