Amsa: kwana biyu daga Jakarta, Cirebon zan ce maka

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyu gare ka bayan taronku a Jakarta, kana neman tsohon gari na bakin teku mai tarihi da abinci mai daɗi. Ni dai Cirebon zan ce maka. Daga tashar Gambir da ke Jakarta jirgin ƙasa zai kai ka cikin kamar awa 3.

Ka yi ƙoƙari Juma'a ta same ka a can. A tsohon masallacin Sang Cipta Rasa, kusa da fadar Kasepuhan, ladanai 7 ne ke tsayawa su kira sallar Juma'a tare, murya ɗaya. Ranar da na ji, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan ka shiga fadar, ka dubi bangon da aka manna wa farantan tangaran na Sin da na Holan, shaidar irin fataken da suka sauka a garin. Kabarin Sunan Gunung Jati, ɗaya daga cikin waliyyai 9 da suka yaɗa Musulunci a tsibirin Java, inda Cirebon take, yana arewa da gari kaɗan.

Abinci kuwa, ka fara da empal gentong: romon naman sa ne da madarar kwakwa, ana dafa shi a tukunyar ƙasa. Sai nasi jamblang, shinkafar da ake naɗewa a ganyen wani itacen katako da suke kira jati, ka nuna mahaɗin da kake so da yatsa. Yajinsu na da ƙamshin daddawar jatan lande, ka ɗanɗana kaɗan tukuna.

In za ka yi wa iyali tsaraba, je ƙauyen Trusmi ka nemi yadin batik mai zanen gajimare, wanda suke kira mega mendung. Ka taya, kada ka ji kunya.